Yadda Ake Zaɓa wa Tsohuwar Laftof Windo Marar Nauyi, Ko da Akwai Shanu a Cikinta

Kai mai tsohuwar laftof, matso kusa, kakarka ta yanke saƙa. Ni ne Injiniya Nasidi na bakin tashar Talata Mafara, wanda ya yi wa wayoyin rabin garin nan caji, sauran rabin kuma suna hanya. Injiniyancin ba wata makaranta ce ta ba ni ba, jama'a ne suka ga cancanta suka liƙa mini, ni kuwa ba na musu da jama'a. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, laftof ɗinka za ta riƙa buɗewa kafin ka rufe baki daga bisimilla. An gwada an gani. A kan ta maƙwabcina Zaharadeen aka gwada, mai tura wa mutane karatu da finafinai a memori a rumfar da ke manne da tawa, kuma har yau muna gaisawa. Wani lokaci ma shi ke fara gaishe ni.

Abu ɗaya kafin mu fara. Wannan abin da ke zaune cikin kwamfuta yana tuƙa ta, masana babbar manhaja suke ce masa. Mu a tasha windo muke cewa, ko na wane kamfani ne. Wani windon nauyi gare shi, wani kuma sakayau. Tsohuwa sakayau take so, aikinka shi ne ka zaɓo mata.

Mataki na 1: Ka tabbata tsufa ne, ba raini ba

Danna maɓallin kunnawa, sannan ka ɗora butar shayi a kan gawayi. In ta buɗe kafin ruwa ya tafasa, lafiyarta ƙalau, raina ka kawai ta yi, ka daina karanta wannan ka je ka nemi wani abin yi. In kuwa ka sha na farko, ka sha na biyu, ka fara shawarar na uku tana nan tana juya 'yar da'irar nan a tsakiyar allo, to ka zo inda ya dace.

Ta Zaharadeen ta ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Murfinta da robar keke aka ɗaure shi, cajarta ba ta kamawa sai an danne ta da dutse, kuma dutse ɗaya ne tak ta yarda da shi. Zafin da take hurowa ta gefe ya kai mai ƙosan da ke gabanmu ta taɓa roƙon a ajiye mata kullunta a wurin don ya tashi da wuri. An ajiye, ya kuma tashi.

Ka riƙe wannan: injin da ya kai shekarun aurar da 'ya ba a ce masa ya lalace, sai dai a ce yana hutawa.

Mataki na 2: Ka samo dalili, amma kada ya zama naka

Mutumin kirki ba ya gyara abu don kansa. In don kanka ne, ai ka saba, kuma jira ibada ne. Dole ka sami wanda nawar laftof ɗin ke cuta da gaske. Zaharadeen bai sha wuyar nema ba, domin nasa dalilin da ƙafarsa yake zuwa kowace Talata, da sanda a kafaɗa.

Bappa Sambo ke nan, aminin mahaifin Zaharadeen tun suna samari. Da rugarsa a wajen Gidan Goga, da garke wanda in ya taso sai an ba shi hanya. 'Yan bindiga suka zo suka kaɗa shi kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Yanzu yana zaune a Maradun a gidan 'yarsa. Abin da ya rage masa shi ne hotuna, domin damina ɗaya kafin abin ya faru wani ɗansa ya bi shanun ɗaya-ɗaya ya ɗauka da waya. Wayar ta daɗe da mutuwa, amma kafin ta mutu an juye hotunan cikin laftof ɗin Zaharadeen. Ba su ko'ina a duniya sai nan.

Duk ranar kasuwa sai Bappa ya hau motar Jatau daga Maradun, ya sauka a tasha, bai sayi komai ba bai sayar da komai ba, ya zo ya zauna a benci.

"Salamu alaikum. An kwana lahiya, Zaharadeen? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa rana? Ƙaƙa haƙuri da jama'a?"

"Lahiya lau, Bappa. Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen Maradun?"

"Sai godiya. To, a sako su."

Sai a kunna, a ɗora shayi, a yi ta hira har ta ga dama ta buɗe. Saboda nawarta, hoto ba ya fitowa gaba ɗaya, daga sama yake saukowa a hankali. Ƙaho ke fara bayyana, sai kunne, sai tozo, can sai ƙafafu. Daga tsinin ƙaho Bappa ke gane kowace. "Wule ta," in ji shi, tun mu muna ganin sararin sama kawai. Sai ya faɗi uwarta, da kakarta, da ranar da ta taka maciji a fadama. Ni da ba ruwana da saniya sai a tukunya, ranar da na fara ganin haka sai da na juya baya na yi kamar ina warware wayoyin caji, don tausayi ya kama ni sosai.

Ga inda matsalar take. Jatau ba ya bari la'asar ta same shi a Mafara, saboda halin da hanya ke ciki, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Laftof kuwa kullum ƙara nawa take yi. Da, Bappa kan ga garkensa duka ya yi sallama da kowace. Daga baya sai ya zama yana tsakiyar garke Jatau zai danna ham. Bajimin da ke can ƙarshe ya yi makonni ba a gan shi ba. Zaharadeen ya ce to a fara daga ƙarshe mana, Bappa ya dube shi kamar ya yi saɓo.

"Wule ka gaba, ɗana. Tun da nike ban taɓa ganin garken da yah hwaro daga wutsiya ba."

In ba ka da irin wannan dalili, ka ari na wani. Amma ka sani, daga nan abin ya daina zama gyaran inji, ya koma amanar dattijo.

Mataki na 3: Ka fara gwada duk abin da ba shi ne maganin ba

Kada ka yi garajen zuwa ga magani, mutane za su ce ba ka sha wuya ba. Hura mata iska ta baki. Ɓamɓare takardun da ke manne a bayanta. Ɗora ta a kan bakin randa ta sha sanyi. Goge waƙa guda ɗaya, ka zauna ka jira canji. Ka ɗan mare ta a gefe, ba da ƙarfi ba, irin marin da ake yi wa rediyo.

Duk mun yi waɗannan a ƙarƙashin kulawata. Sakamakon ya ƙarfafa gwiwa: ba ta ƙara sauri ba, amma randar ta yi ɗumi.

Mataki na 4: Ka nemi shawara a garin da ba naka ba

Masanin garinku ba masani ba ne, ka san shi tun yana yawo ba wando. Hau babur ka tafi Bakura. A can akwai Malam Sulaiman, mai koyar da kwamfuta, mutum mai haƙuri wanda ke da filas guda, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, cike da winduna iri-iri. Ka goya laftof ɗin a baya da zane don kada gargada ta girgiza mata tunani, kuma kada ka manta da dutsen caja. Mu mun manta, sai da muka komo daga rabin hanya.

Malam Sulaiman ya buɗe ta, ya jira, ya yi alwala, ya dawo, ya ƙara jira. Da ta buɗe ya duba cikinta ya girgiza kai.

"Wagga ba lalacewa tay yi ba," in ji shi. "Ƙwaƙwalwarta ƙarama ta, windon da ac cikinta kuwa babba na. Awa ka ce an shimhiɗa ƙaramar tabarma, ƙato guda ya zo ya miƙe ƙahwa bisa, sauran baƙi sai tsayuwa. A hidda ƙaton, a sa ɗan siriri. Akwai dangin Linuks da dama da anka yi don irin wagga, kuma kyauta na."

Ya nuna mana su ɗaya bayan ɗaya, yana bayanin wanda ya fi cin ƙwaƙwalwa da wanda ya fi sauƙin koyo. A wannan gaɓar ka riƙa gyaɗa kai kana cewa "ƙwarai", ba sai ka saurara ba. Da za mu tafi ya ba mu filas ɗin aro, ya haɗa mana da gargaɗi biyu. Na farko, a kwashe duk abin da ke ciki kafin a yi fomatin, don sabon windo share gida yake yi tas. Na biyu, a fara gwada shi daga kan filas, a zauna da mai hotunan a ga ko yadda yake nuna abubuwa ya yi masa, kafin a girka.

Ka ɗauki na farko, ka bar masa na biyu a Bakura. Shawara biyu ta yi wa mutum ɗaya yawa, ga kuma laftof a baya.

Mataki na 5: Ka tara majalisa, a zaɓa da ido

Babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su zaɓi windo su kaɗai, sai in ya ɓaci a rasa wanda za a ɗora wa. Kai tara jama'a. Kira mai shayi, kira mai faci, kira duk direban da motarsa ba ta cika ba. Kada ka dame su da zancen ƙwaƙwalwa. Kowane windo yana da tambari, ka nuna musu tambarin su yanke hukunci.

Na farko da ya fito, wanda Malam Sulaiman ya ce ya fi kowa rashin nauyi, hoton kwikwiyo ne a goshinsa. Majalisa ta tashi tsaye. Mai shayi ya ce injin da ke cike da karatun malamai ba za a saka masa kare ba yana raye. Aka wuce. Na biyu ɓera ne. Mai faci ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya ji an ce Malam Sulaiman ya kira wurin ajiyar da ke cikinta rumbu, kuma bai taɓa jin mai hankalin da ya kai ɓera rumbu da hannunsa ba. Na uku kore ne shar, sunansa ma wai na'ana'a yake nufi. Mai shayi ya so wannan ƙwarai, har ya fara yi masa kamfe, amma aka ce yana da ra'ayi a ciki, aka hana shi ƙuri'a.

Saura ɗaya, mai ɗan tsuntsu. Jatau direba, wanda ya fi kowa matsuwa a gama don shi ke shan jira kowace Talata, ya ce:

"Ku ba ni tsuntsu. Shi dai ko bai yi komi ba tashi shikai. Kuma ban taɓa jin tsuntsu ya ci saniya ba."

Aka yi fatiha a kan tsuntsu. Daga baya Malam Sulaiman ya ce shi ma da ma wannan zai ba da shawara, wanda ya nuna maka cewa ilimi da majalisar tasha wuri ɗaya suke zuwa, sai dai majalisa ta fi shan shayi a hanya.

Mataki na 6: Kada ka tayar da shanun mutum ba da izininsa ba

Sauran tarkacen da ke ciki, finafinai da waƙoƙin biki, ka juye su ko ka bar su su bi ruwa, ba wanda zai mutu. Amma dukiyar wani ba a canza mata makwanci sai mai ita ya sani. Sayi sabon filas, ka juye hotunan, ka buɗe ka tabbata sun shiga, ka sake buɗewa, sannan ka hau mota zuwa Maradun.

Gargaɗi na musamman: in an tsayar da ku a shinge aka tambaye ka me ke aljihunka, ka ce filas ne. Kada ka ce shanu ne. Zaharadeen mutum ne mai gaskiya fiye da kima, kuma bayanin da ya biyo baya ya ci mana hantsi guda.

Mun sami Bappa a zaure yana tufka igiya, igiyar da ba abin da zai ɗaura da ita. Bayan an gaisa an sha fura, Zaharadeen ya ciro filas ɗin ya ɗora a tafin hannunsa. Bappa ya jujjuya shi.

"Duk suna cikin ɗan abin ga?"

"Duka, Bappa. Kwana kaɗan za su yi, in an gyara musu wuri a maishe su."

"Ba su matsu ba? Ɓale ba ta son a matse ta, tunkuyi takai."

"Akwai wuri, Bappa."

Ya miƙa wa Zaharadeen filas ɗin da hannu biyu. "To, na yarda. Amma ka sa su aljihun gaba, ba na baya ba. Ba a zama bisa dukiya."

Mataki na 7: Ka girka, ka yi ta fariya

Soka filas ɗin Malam, ka danna duk inda aka ce ka danna. Za a tambaye ka abubuwa da Turanci. In ka ga tambaya doguwa, amsarta eh ce. Da ya gama, ka mayar da hotunan, ka kashe, ka kunna.

Wallahi ni kaina sai da na ja da baya. Ko gawayi ba mu hura ba ta buɗe. Fanka ta yi tsit, har muka ɗauka mutuwa ta yi. Mai ƙosai ta zo da kullunta ta taɓa gefen ta ji sanyi, ta tafi tana Allah ya isa.

Yanzu ka saurare ni da kyau, don nan ne asirin sana'a. Gyaran da ba a gani ba asara ne. In mai kaya ya zo, kada ka bar wata bajinta ta sabon windo a ɓoye. Nuna masa komai, karanta masa duk abin da ke rubuce a allo, har na can ƙasa a lungu. Haka na ce wa Zaharadeen, haka kuma nake ce maka, don ni maganata ɗaya ce.

Mataki na 8: Ranar Talata

Bappa ya sauka daga motar Jatau da hantsi, ya zauna, aka gaisa har ƙasa. Ya ce a sako su, ya gyara zama irin na mai shirin doguwar hira. Zaharadeen ya danna sau biyu.

Garken duka ya bayyana lokaci guda. Sabon windo ba ya jan hoto daga sama, jera su yake yi ƙanana-ƙanana a layi, kowace saniya ba ta fi ɗan yatsa ba, daga Wule har bajimin ƙarshe a allo ɗaya. Ba ƙaho, ba tozo, ba labarin maciji. Bappa ya matso da fuskarsa yana lalube da ido.

"Wa yak koro su haka? Shanu ba su zuwa da gudu sai in an biyo su."

"Sauri na, Bappa, sabon windo na!" in ji Zaharadeen, baki har kunne. "Diba ma nan ƙasa, har ya hwaɗi ko su nawa na."

Ya kuwa karanta lambar da ƙarfi, yadda na koya masa.

Ba zan rubuta lambar a nan ba. Kai da ka tashi a ƙasar nan ka san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, shi ma ba ya ƙirgawa. Da suna ya san su, da kama, da hali. In ɗaya ta ɓace, rashin fuskarta yake gani, ba ragin lissafi ba. A wurin su Bappa, dukiyar da aka ƙidaya an yanke mata albarka, ta tsaya ke nan. Zaharadeen ma ya san haka sarai, murna ce ta sha kansa. 'Yan bindiga sun kwashe garken, amma ko su ba su zo sun faɗa wa Bappa adadi a kunne ba.

Bappa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai janye fuskarsa daga allon a hankali.

"Shekara da shekaru ban ƙilga su ba. Ubana bai ƙilga ba. Ina cewa suna can wani wuri suna ƙaruwa." Ya laluba takalminsa da ƙafa. "Ashe iyakarsu ke nan."

Ya ɗauki sandarsa. Ruwan shayi ko motsi bai fara ba. Ya je ya shiga motar Jatau, wadda ba kowa a ciki, ya zauna shi kaɗai tun daga hantsi har ta cika. Zaharadeen ya kai masa shayi har mota, ya ce ya gode, bai karɓa ba.

Talatar da ta biyo bai zo ba. Ta bayanta ma haka. Jatau ya ce yana ganinsa a zaure, ya daina ko tufkar igiyar. Zaharadeen ya daina kunna laftof ɗin ranar kasuwa gaba ɗaya, kuma a waɗannan makonni ne gaisuwarmu ta ɗan yi sanyi, ban san dalili ba.

A fannin fasaha dai, ka lura, an yi nasara: ta buɗe da wuri.

Mataki na 9: Ka mayar mata da nauyinta

Wannan matakin ba ya cikin littafin kowane masani, kuma zan so a rubuta cewa a rumfar da ke manne da tawa aka ƙirƙiro shi, wato kusan ni ne.

Da farko ka nemi salatif baƙi, irin na masu gyaran wuta, ka liƙe lungun allon nan da ke faɗin lamba. Ninki biyu. Sannan ka buga wa Malam Sulaiman waya ka ce ya koya maka yadda ake buɗe hoto ɗaya ya cika allo, kuma ya tsaya har sai an ce ya tafi. Zai ce, "Wato rage mata sauri kaka so in yi? Bayan duk wahalag ga?" Ka ce eh. Zai tuna maka gargaɗinsa na biyu. Ka ce sabis ba kyau.

Sannan ka yanko kwali daidai faɗin allo.

Saura babban aiki, wato dawo da dattijo. Lambar da ta shiga kunne ba ta fita, salatif ba ya kama ta. Zaharadeen ya yi kwanaki yana buɗe hotunan ɗaya-ɗaya yana kallo kamar mai neman allura, har wata rana da azahar na ji ya buga benci. Ya tashi ya tare Jatau yana shirin tayar da mota.

"In ka kai, ka ce ma Bappa injin ga bai iya lissahi ba. Ƙarya yay yi. Na diba hoton Wule da kyau, ciki gare ta, tsoho ma. Bai sa na cikin ba."

Jatau ya ce shi direba ne ba ɗan aike ba, sannan ya maimaita saƙon sau biyu don kada ya manta.

Ranar Talata sai ga sanda ta riga mai ita leƙowa rumfa. Aka gaisa, gaisuwa ta yi tsawo fiye da kullum, kowa na tsoron ya ƙare ta. Zaharadeen ya juya laftof ɗin ta fuskance shi, bayanta ga Bappa, ya danna, ta buɗe nan take, ya yi fuskar mai jira. Ya hura gawayi. Aka sha na farko, aka sha na biyu, yana leƙawa yana tsaki yana cewa yau ma nawa take ji. Sai da hira ta nuna sannan ya rufe allon da kwali, ya juyo da ita, ya fara jan kwalin ƙasa a hankali. Tsinin ƙaho ya fito.

"Wule ta," in ji Bappa.

Kunne ya fito, tozo ya fito, ciki ya fito. Bappa ya daɗe yana kallon cikin nan.

"Wata bakwai gare ta ranar. Mace taka haihuwa kullum, ba ta taɓa saɓawa ba. War haka ɗiyar ma ta isa ɗaukar ciki." Ya kurɓi shayi. "Kuma ba ita ɗai ba. Saige ma an hau ta, ba shi nunawa ga hoto. Injin naka bai san wanga ba."

"Bai sani ba, Bappa."

"To ka gani. Injin ga yaro na." Ya nuna allon da haɓa. "Wuce. Amma ka rage saurin kwalin ga, Ɓale ab biye, ita ba ta taɓa gaggawa ba."

Zaharadeen ya dubi kwalin, ya dubi Bappa, ya rage sauri. Ranar an ga garke tun daga Wule har bajimi, kowace da labarinta, aka gama da sauran lokaci kafin la'asar. Jatau ya zo ya tsaya a bakin rumfa da makulli a hannu, bai danna ham ba, har sai da kofaton bajimin ya fito.

Ka ga ke nan tsarin ya cika. Ka zaɓi windo mafi sauri da za ka samu, don nawar ta zama a hannunka take, ba a hannun inji ba.

Sanarwar wanke hannu

Ni Injiniya Nasidi, ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa shawara na bayar, ban riƙe hannun kowa na danna masa maɓalli ba. In hotunanka sun bi ruwa, ka je Bakura. In an tsare ka a shinge, bakinka ne. In kullun wata ya ƙi tashi, in mai shayi ya ƙaurace maka saboda na'ana'a, in wani dattijo ya bar maka shayinka a hannu, babu sunana a ciki, kuma ranar ma ina jin ba na gari. Wanda ya ce ni na ce a karanta abin da ke lungun allo, ya kawo shaidu, ban da Zaharadeen, ban da Jatau, ban da mai faci. Kwali da salatif kowa ya sayi nasa.

Wanda kuma ya biyo ni a ɓoye yana tambaya wai shin shanun Bappa nawa ne, ya sani ni caji nake yi. Abin da na ji na manta, wurin a liƙe yake, kuma ko an ɓamɓare lambar ta tsufa. Tun daga wancan lokaci ba wanda ya san iya waɗanda aka haifa.